Lambar da Na Rantse Ba Ta Rabuwa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaisuwar surukai Zurmi ba, ranar da lissafi ya kunyata ni a gaban mutanen da nake son burgewa. A lokacin wata uku ke nan da fara koyar da lissafi a wata sakandare a Ƙaura, kuma ji nake duk Zamfara babu na biyuna.

Mahaifin Hafsatu, yarinyar da nake nema, malami ne dattijo, bai kuma riga ya ce ya ba ni ba. Abokina Sani direba ya kai ni a tsohuwar motarsa mai tafe tana hayaƙi. Bayan gaisuwa a zaure, Malam ya leƙa waje ya ce, "Sani, wagga mota ai ta sha hanya. Kilomita nawa ta ci?"

Sani ya ce da muka tsaya ya ga 200,001 a allon, wato dubu ɗari biyu da guda ɗaya a kai.

Ba wanda ya tambaye ni komai (wannan ya fi yi mini ciwo har yau). Na gyara hula na shiga lacca. Na ce lambar mara ce, ba cika ba. Na ce tana cikin lambobi masu daraja da Turawa ke kira firam, waɗanda ba sa rabuwa sai da kansu ko da ɗaya. Gaskiya ban gwada ba, kallonta kawai na yi ta yi mini kama da su. Har da cewa, "Wallahi Malam, ko na'ura ba ta raba ta."

Abin da ban sani ba, shekara arba'in Malam yana rabon gado.

Ya ɗan ja tasbaha, ya ce, "Yaro, mi kac ce? Biyu da ɗaya ai ukku ne. In magada ukku sunka zo min da ita, kahin shayi ya huce na sallame su. Kowa dubu sittin da shidda da ɗari shidda da sittin da bakwai, ba saura."

Na zaro waya na danna a ɓoye ƙarƙashin babbar riga. Daidai. In jimlar alƙaluman lamba ta rabu da uku, ita ma lambar tana rabuwa da uku. Dokar da na koya wa 'yan aji ɗaya ce a makon nan, har na zane wani a kanta. Sai ga wata dariya ƙasa-ƙasa daga bayan ƙofar cikin gida, na kuma san mai ita.

Malam ya ce, "Amma ka yi kaffarar rantsuwa tukuna, sannan mu yi zancen aure."

Ya ba ni Hafsatu dai, sai dai har yau Malam Firam ake kirana a gidan. Tun daga nan, in na shiga zauren dattijai, sai na tambayi sana'ar kowa kafin in buɗe baki.