Nomau da Gidajen Kwamfuta

A zamanin da kwamfuta ta fara zuwa ƙaramin asibitin Rafin Gawo, lokacin da ake kunna ta da batirin mota, akwai wani mutum mai suna Nomau. Yana zaune da mahaifiyarsa Inna Kande da jakinsu guda. Duk abin da aka faɗa masa, haka yake ɗaukarsa, ba ragi ba ƙari. Malam Haladu, jami'in lafiya, ya ɗauke shi aikin shigar da bayanan yara, domin kada rigakafi ya tsallake ko ɗaya.

Wata rana Malam ya nuna masa gidajen da bayanai za su shiga a cikin kwamfuta, ya ce, "Raɗa wa kowanne suna." Nomau ya jira mako ya zagayo, ya raba goro, liman ya yi addu'a.

"Ina gidan shekarun yaro?" in ji Malam.

"Ai ita ce Talatu, ranka ya daɗe. Ran Talata na buɗe ta."

Wata rana kuma Malam ya ce, "Dole sunan gida ya faɗi abin da ke ciki." Nomau ya rubuta: Ranar haihuwa, wasu da damina, wasu da rani, ɗaya uwarsa ta manta. Kwamfuta ta ƙi karɓa. Nomau ya ce girman kai ne irin na 'yan birni.

Wata rana Malam ya gaji, ya ce, "Gajarta! Kuma kada abu biyu su kwana gida ɗaya." Nomau ya lura kowane yaro sunansa biyu, sai ya raba musu gida: sunan yanka daban, sunan da kaka ke kira daban. Malam ya yi tsaki ya ƙyale shi.

Da ƙyanda ta ɓulla, aka tara mata a gindin gawo. Malam ya kira, "Muhammadu Lawal!" Uwar yaron ta sunkuyar da kai, don ba ta amsa sunan ɗan fari a gaban jama'a. Saura kaɗan a ce yaron bai zo ba, sai Nomau ya leƙa ɗaya gidan, ya kira sunan da ke ciki.

"Maigida!"

Wata tsohuwa ta miƙe da jikanta a goye. "Ga angon nawa, ku yi masa a hankali!"

Ranar ba a tsallake yaro ko ɗaya ba. Malam ya dubi Nomau, ya ce, "Kai kuwa, mene ne sunanka na yanka?"

"Oho, ranka ya daɗe. Ni ma ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa faɗa ba."