Datuk Sashe-na-Bakwai Ya Sauka a Penang

Idan ana lissafin waɗanda suka ceci ƙasar nan daga annobar korona, to a fara da Hairuddin bin Sabtu, mai laƙabin girma na Datuk, sannan a gangaro kan likitoci. Shi da bakinsa ya sha faɗin haka, kuma mutum ne da ba ya ƙarya sai da dalili. Mu 'yan unguwarsa a Klang mun yi dace da maƙwabci, don kullum safiya muryarsa kan tsallako katanga yana koya wa mai kawo jarida yadda ake tafiyar da gwamnati.

Kafin ya yi ritaya, mataimakin magatakarda ne a wani kwamiti da aka ɗora wa tsara yadda jiragen ruwa na yawon shaƙatawa za su koma aiki. 'Yan baƙin ciki sun ce aikinsa raba takardu ne da leƙa ko shayi ya iso. Amma a sashe na bakwai na dokar akwai kalmomi huɗu nasa na kansa. Sashen ya ce fasinjan da ya sauka a tasha dole ya bi ayari da jagora, kada ya cuɗanya da mutanen gari, wanda ya ware kuwa ba zai sake hawa jirgin ba. Datuk ne ya ɗaga hannu ya ce a ƙara "ko wane ne shi". Shugaban kwamitin, da yake yunwa ta ishe shi, ya ce a ƙara. Tun ranar sunansa a unguwa ya koma Datuk Sashe-na-Bakwai.

Da jirage suka fara tashi, sai ya ɗauki matarsa Rosnah, wadda ake ce wa Datin saboda laƙabinsa, suka shiga na kwana uku mai tsayawa a Penang. Ba shaƙatawa ta kai shi ba, in ji shi. Zai je ya ga yadda ake riƙon dokarsa ne. Kafin jirgi ya kwana biyu a ruwa, babu wanda bai san tarihin kalmomin nan huɗu ba: masu dafa abinci sun sani, mai gyaran gado ya sani, wani tsoho da ya je ninƙaya ya gwammace ya nutse ya ɗan huta. Allah kuwa ya saka wa Datuk. Aka turo masa katin gayyata zuwa teburin kyaftin a liyafar ranar Alhamis, ta mutum biyu. Shekara talatin yana jiran tebur irin wannan. Ya sa aka goge farar kwat ɗinsa, ya rubuta jawabi shafi goma sha ɗaya, ko da za a ce ya ɗan yi magana.

Ranar Alhamis da safe jirgi ya tsaya a Penang. Aka ɗaura wa kowa koren awarwaron roba, aka damƙa mutum talatin da biyu a hannun wata jagora 'yar firit mai suna Thilaga, mai riƙe da 'yar tuta rawaya. Ta buɗe baki za ta yi bayanin doka, Datuk ya tausaya mata ya karɓe.

"'Yan'uwa fasinjoji, ku saurara. Wanda ya bar ayarin nan ko da taku goma, ya yi bankwana da jirgi. Babu alfarma, babu ɗan wane. Na san abin da nake faɗa, don da wannan hannun aka rubuta."

Ya ɗaga hannun sama don na baya su ma su gani.

Abin da dokar ba ta yi tanadinsa ba shi ne watan Yuli. Lokacin durian ne, ɗan itacen nan mai ƙaya da wari mai ƙarfi, kuma na Penang ba shi da na biyu. Motar da ta ɗauki ayarin ta kama hanyar tsauni, sai ga rumfuna jere a bakin titi, an rataye shi da ƙayoyinsa, an fasa wasu tsokar tana sheƙi. Datuk ya manna goshi a gilashi. Shekara biyu rabonsa da na Penang. Ya haɗiye yawu har takunkumin fuskarsa ya motsa.

Aka tsaya a wata marinar batik, inda ake rina zane mai ado, Thilaga ta ce minti arba'in. Datuk ya ja matarsa gefe.

"Datin, doka an yi ta ne don waɗanda ba su fahimce ta ba. Ni da na haife ta, ai na san inda take da sauƙi. Kuma mutum irina ba a jan sa a bayan tuta kamar ɗan firamare."

"Abang, ka zauna ka kalli zane," in ji ta, da sunan da take kiran mijinta. "Da yamma kana da tebur."

"Minti ashirin. Binciken gani da ido ne."

Ya shiga banɗaki ta gaba, ya fita ta baya. Ai kuwa ya shaƙi iskar 'yanci! Ya ji kansa tamkar mutumin farko da ya taka tsibirin. Ya ratsa wani lungu, ya tsallake kwata, wani kare ya raka shi da haushi, har ya yi tafiya mai nisan taku ɗari uku ba jagora ba tuta. A nan ya gano rumfar wani tsoho mai suna Teoh, wadda kafin zuwansa babu wanda ya san da ita sai mutanen Penang.

Teoh ya dubi awarwaron. "Oga, wannan na 'yan jirgi ne fa. An ce kada mu kula ku."

"Tsoho, ka san da wa kake magana? Dokar da kake tsoro, ni na rubuta ta."

"To ai shi ke nan, mai abu ya zo. Ɗaya ko biyu?"

"Biyu. Ka zaɓo masu jar tsoka."

Ya zare takunkumi ya ci, ya lashe yatsu, ya lumshe ido. Da ya gama sai ya yi abin da kakar kowa ta koya masa: ya zuba ruwa a cikin ɓawon, ya barbaɗa gishiri, ya shanye, ya ƙara wani ya wanke hannu. Kowane yaro a ƙasar nan ya san da haka ake kashe warin durian.

"Ilimi ne wannan, tsoho," in ji Datuk. "Yanzu ko karen kwastan ba zai ji komai ba."

"Na hannu dai ya fita, oga. Na ciki kuma sai yadda Allah ya yi."

Ya koma ta inda ya fito. Thilaga ta ƙirga, talatin da biyu cif. Datuk ya zauna a kujerarsa yana jin daɗin kansa, har ya fara tunanin ƙara shafi na goma sha biyu a jawabi, kan muhimmancin ɗa'a.

Motar kuwa tagoginta a rufe suke ruf, na'urar sanyi tana juya iska ɗaya daga gaba zuwa baya. Hanya ta yi kwana, ta sake yin kwana. A kwana ta uku gyatsa ta taso masa tun daga ƙasan ciki. Ya yi ƙoƙari, a ba shi wannan. Ya danne, ya riƙe numfashi, ya karanto abin da ya sawwaƙa. Ta fito a hankali, ba ƙara, takunkumi ya ba ta hanya.

Hanci talatin da ɗaya suka ɗaga a tare. Wata tsohuwa a kujerar baya, Nyonya Beh, wadda aka haifa a Penang, ta ja iska sau biyu ta ce, "Durian ne mai jar tsoka, na kan tsauni. Bai kai awa ɗaya da cin sa ba. Wanda ya zaɓa ma ya iya zaɓe."

Datuk ya miƙe tsaye, fuska a murtuke. "Wannan abin kunya ne! Wani a cikinmu ya ci amanar ƙasa. Ina ba da shawarar a fara bincike daga direba, domin a matsayina na wanda..."

A nan ta biyu ta zo. Wannan ba ta ɓoye kanta ba.

Thilaga ta runtse ido. Idan ta yi shiru, takardar aikinta ce za ta tafi, ga shaidu mota guda. A bakin gadar hawa jirgi ta raɗa wa jami'ar tasha, jami'ar ta tare Datuk da ladabi.

"Yi haƙuri, Datuk. Nan ne iyakarka."

"'Yata, ki duba da kyau. Datuk Hairuddin ne. Kyaftin yana jirana ƙarfe bakwai, ga kati. Dole akwai sassauci ga manya."

"Da akwai da na yi maka, wallahi." Ta buɗe takarda ta sa yatsa. "Ga shi nan: wanda ya ware ba zai sake hawa ba, ko wane ne shi."

Ran Datuk ya ɓaci ƙwarai. Ya hango tebur, ya hango farar kwat a rataye, hankalinsa ya gushe.

"Wane marar tunani ne ya cusa wannan a ciki?"

Duk ayarin ya juyo. Har tsohon nan mai ninƙaya ya leƙo daga saman jirgi.

"Haba Abang," in ji Datin Rosnah, "tun ranar Talata kake gaya mana." Ta zare katin daga hannunsa a hankali. "Na mutum biyu ne, kada kujera ta tafi a banza. Motar Klang tana tashi ƙarfe shida. Ka ƙara shan ruwan ɓawo kafin ka shiga, don Allah."

Jirgi ya yi ƙugi ya ja baya. Datuk ya samu abin da ya nema, ga Penang gaba ɗaya a gabansa, ba tuta ba jagora.

Washegari da safe muryarsa ta tsallako katanga kamar kullum. Yana gaya wa mai jarida cewa da gangan ya yi, don ya gwada ko dokar tana aiki, kuma yana farin cikin sanar da ƙasa cewa tana aiki. Mun yarda, don ba mu da dalilin ƙi. Sai dai duk wanda ya shiga falonsu zai ga hoton da Datin ta rataye a saman talabijin. Ga kyaftin, ga Datin a damansa, ga 'yar takarda a kan tebur an rubuta Datuk Hairuddin da ruwan zinare. A bayan takardar kuma Nyonya Beh ce zaune, ta ɗaga cokali tana dariya da haƙoranta uku.