Akori-kurar Makau da Shanun Hudu

"Lahiya lau, gajiya ta bi lahiya. To, ya hutun manyan direbobi? An dawo daga Gummi ne, ko yanzu ake lodi?"

Makau bai ɗago kai ba. Yana zaune kan buzu, ya jingina da ƙofar motarsa, wata tsohuwar Fijo akori-kura da rabonta da motsi shekara goma sha tara. Tayoyinta sun nutse cikin ƙasa har rabi. Mai gaisuwar Hudu ne, ɗan gwaggonsa, taubashinsa tun suna yawo ba wando. Ya kwance darnin bayan gida ya shigo, yana jaye da bijiman huɗarsa biyu a karkiya, ga igiya a kafaɗa.

Gidan shiru, ko motsin muciya babu. A daminar nan ta 2010 aka gano gubar dalma a Tungar Guru, cikin ƙurar dutsen zinaren da samari ke dakawa a gidaje. Masu kwashe ƙasa sun kankare tsakar gidan Makau kaf, sun zuba sabuwa, sai wuri guda ya rage: ƙarƙashin motar da kewayenta, inda ɗansa Lirwanu ya riƙa daka dutse a inuwa. Makau ya rantse ba mai taɓa ta. Jikarsa Nusaiba, 'yar Lirwanu, kuwa tana asibiti a Anka tare da iyayenta, likitoci sun ce ba za ta dawo gidan ba sai an kwashe ko'ina. Gobe masu aikin za su tattara shebur su wuce wani ƙauye.

"Wa ya ba bawa izinin shigo ma ubangidanai ta baya, kamar ɓarawon awaki?" in ji Makau.

"Ta zaure na so biyowa, sai na tuna gidan direba ne, na ce bari in biyo hanyar mota."

"To kai da ƙannenka biyu ku koma inda kunka hito."

"Ƙannena sun hi ka amfani. Tun asuba suke huɗa. Kai mi ka yi?"

"Gadin dukiya."

"Dukiya! Wagga da ko akuya ta daina hawa don kunyar idon jama'a?"

"Hutawa take yi."

"Shekara goma sha tara? Ko mai jego kwana arba'in take yi ta hito."

Makau ya gyara hula. Abin da ya fi ƙona masa rai, kwana shida ke nan bai yi magana mai tsawon wannan da kowa ba, sai ga shi da Hudu zai yi ta.

"Kai da ba ka taɓa tuƙa komi ba sai tuwon gwauro, mi ka sani ga mota? Ina karen mota a motar katako kana kiwon zabi. Daga Gummi zuwa Gusau kwana biyu muke yi da damina, da lodin gyaɗa, mu sauke a tashar jirgin ƙasa. Na ga jirgi mai cin gawayi da idona, yana tari yana hayaƙi kamar kai da sahe."

"Awo, ka gan shi. Daga nesa. An ce da ya yi kuka sai a bayan buhu aka tsince ka."

"Ƙarya kake, ɗan mace! Ranar da na shiga kasuwar Bukkuyum da wagga mota sabuwa dal, mahauta barin nama sunka yi sunka zo kallo."

"Sun zo duba ko ka take tunkiya su samu ta yanka."

"Alhazan garin ga, wa ya kai su hilin jirgin sama Sakkwato?"

"Kai. Sunka iske jirgi ya tashi."

"Jirgin ne ya yi gaggawa. Kashegari ai sun samu wani."

"Makau, ka ji tsoron Allah. Tsakanin Anka da nan, turin da na yi ma motar ga ya hi ɗaukar da ta yi mani. Har yau in hadari ya taso kahwaɗata na tuna ta."

"Don turi anka haihe ka. Gwaggo da bakinta ta ce ma babana, ga shi nan, in kun yi mota ya riƙa turawa."

Hudu ya ƙyalƙyale da dariya, ya tsuguna gefen buzun ba tare da an ce masa bismilla ba. Bijiman suka tsaya suna kora ƙuda da wutsiya.

"Yanzu kowane yaro ya ɗane babur ya ce shi direba ne," Makau ya ci gaba, muryarsa ta ɗan sauka. "Bai san kuloci ba, bai san jin ciwon inji da kunne ba. Ina Nuhu mai Landiroba? Ina Zayyad na Gummi, wanda ke canza taya ba jak? Duk sun tahi. Bara na je tashar Anka, na tsaya tun hantsi har azahar. Ba wanda ya ce Makau, kai ne? Wani ma cewa ya yi, Baba, matsa, kana tare hanya."

"Ai da gaskiyarshi. Kai da motarka sana'arku guda, tare hanya."

"Ita dai ta san ni."

Hudu ya ɗauki tsinke yana zane a sabuwar ƙasar.

"Jiya na je Anka," ya ce. "Na ga amaryarka."

Makau ya juyo a karo na farko.

"Ta tashi zaune. Ta sha kunu rabin kwano, ta zubar da rabi a jikina. Na ce ta rabu da tsohon nan ta aure ni, ga shanu, ga hatsi. Ta ce ba ta auren wanda ba shi da mota. Wai in tambaye ka, ko motar ta cika ta tashi ba ita?"

Makau ya waiwaya ya dubi bodin motar. Kullum bayan la'asar shi ke ɗora jikokinsa biyu a bodin motar, Nusaiba da ƙanenta Musbahu, ya shiga gaba ya kama sitiyari, ya tada inji da baki. Su je Gummi, su sayo rake na ƙarya, su biyo ta Bukkuyum, su dawo kafin magariba. Suna sauka fari fat da ƙura, suna lasar yatsu. An binne Musbahu kafin ruwan fari.

"Ni na riƙa ɗora su bodin ga, Hudu. Da hannuna. Ni na ce ma Lirwanu ya matso da turmi nan, inuwar ta hi sanyi."

A nan Hudu bai yi zolaya ba. Ya miƙe, ya karkaɗe gwiwa, ya jawo bijiman zuwa gaban motar. Ya ɗauki fartanya ya sassare ƙasar gaban tayoyin, sannan ya sauke igiya ya fara ɗaurewa, yana ɗan waƙe-waƙensa na gona.

Makau ya yi niyyar kada ya duba. Ya duba.

"Kai! Mi kake yi haka?"

"Ɗaure ta."

"A bamba?"

"Ba nan ne hancinta ba? Sa ma a hanci ake sa mashi igiya."

"La'ilaha illallahu! Jahilcin ɗiyan gwaggo ba ya ƙarewa. Ja guda za ka ɓalle mani bamba, ka tahi da ita gona, mota na nan zaune."

"To sai in maƙala ma amalanke, ta yi kyau."

"Matsa nan!"

Kafin ya san abin da yake yi, Makau ya durƙusa, gwiwoyinsa na ƙara. Ya kwance ƙullin Hudu, ya zura hannu can ƙasa ya laluba ƙarfen shasi, ya zagaya igiyar sau biyu, ya yi irin ƙullin da ya koya a hanyar Gusau, wanda ja ke ƙara masa ƙarfi. Ya tashi yana haki.

"Haka ake yi. Ka kalla, ko da yake kai ba ya ɗauka."

"Na gode, ranka ya daɗe. To kauce mu ja."

"Ku ja mi? Tana cikin giya tun ranar da na kashe ta. Ko bijimi goma ka kawo ba ta gusawa."

"Sai in shiga in cire. Wanne ne giyar? Wancan mai kama da muciya?"

"Ka taɓa mani sitiyari da hannun taki? Shekara talatin da ɗaya ba wanda ya zauna kujerar ga sai ni."

"To ya za a yi? Ga darni can ƙunci gare shi, ga rumbu a gehe. In ta tahi ba direba ta tunkuyi rumbu, sai a ce motar Makau ta yi haɗari a tsakar gida. Har Gummi sai na kai labarin, da ƙahwa."

Makau ya tsaya, hannunsa a kan murfin ƙofar. Ya dubi ɗakin Lirwanu da ke rufe da kwaɗo. Ya dubi igiyar shanya da ba ko ɗan kamfai a kanta. Ya ja ƙofar, ta yi ƙara, ya shiga. Ya taka kuloci, ya kama giyar da hannu biyu ya yi ta kokawa da ita har ta saki.

"Kora," ya ce. "A hankali. Ba huɗa ba ce."

Hudu ya daka wa bijiman tsawa. Igiya ta miƙe, karkiya ta yi ƙara, motar ta girgiza ta koma. Karo na biyu ma haka. A na uku ƙasa ta saki tayoyin da wani irin nishi, tsatsa ta zubo, akori-kura ta fara tafiya a kan tayoyinta da suka lotse, tana ɗingishi. Makau ya karya sitiyari hagu da dukkan ƙarfinsa. Suka wuce rumbu da tazarar tafin hannu, suka fita ta darni.

Ya ɗaga ido ya dubi madubi. A inda ta tashi, ga ƙasa baƙa mai siffar mota, ga wani ɗan takalmin roba ƙafa ɗaya. Ya daɗe yana kallonsa kafin ya mai da ido hanya.

"Ina munka nuhwa, direba?" Hudu ya tambaya daga gaba, bai waiwayo ba.

"Kai ne inji. Ka tambayi ƙannenka."

"Sun ce gindin tsamiyar ƙohwar gidana. Masu aiki su wanke ta tas, ciki da bai. Sai ka riƙa zuwa gadin dukiya kullum, ɗiyata Adama ta dama maka hura, ni kuma in samu wanda zan zaga ba sai na yi tahiya ba."

Makau zai mayar masa ke nan, bijimin dama ya ɗaga wutsiya, ya sauke abin da ya sauke daidai gaban gilashi, har ya fantsamo kan bonet. Dariya ta ƙwace wa tsohon, irin mai haɗe da tari, har sai da ya kifa goshi a sitiyari, yana share ido da hannun riga.

"Injin ga naka yoyo yake, Hudu!"

"Mai ne ya yi mashi yawa."

"Na sallama, bawa, yau ka ci. Tsaya nan, na riƙe birki."

"Birkin mi? Tana da birki?"

"Ba ruwanka. Ruga ka ce masu shebur su zo yanzu, kada su jira gobe. Kuma duk mai babur ɗin da ka gani zai shiga Anka, ka ce ya hwaɗa ma Lirwanu, in likita ya yarda, ya kawo mani amaryata gida."