Yadda Za Ka Zaga Coci-Coci da Suruki Farfesa Asirinka Bai Tonu Ba

Ni Attilio na fara ganin zanen makiyayin nan na bangon cocin unguwarmu, kafin fada, wato limamin cocin, kafin masana masu gilashi daga Roma. Shekara hamsin da biyu ke nan. Ina kan tsani ina kankare tsohuwar farar ƙasa, sai ga ƙafar mutum ta leƙo. Ban taɓa shiga aji ba, amma ambaliya biyu da girgizar ƙasa sun zo sun wuce, ga ni daram. Bi abin da zan faɗa maka, ba za ka ji kunya ba.

Nawa surukin, Farfesa Gualtiero, uban mijin 'yata, littafi shida ya rubuta a kan zanen bango. Ni kuwa na riga na cika baki a wurin biki cewa duk bangon garinmu Lucca a tafin hannuna yake. Sai ga shi ya zo yini guda. Matata Nives ta ce, "Tsoho, yau kashinka ya bushe. In ya gano ka, bakinka ya mutu a teburin Kirsimeti har abada."

1. Fara da hasumiya
Matakala ɗari biyu da wani abu. Mai haki ba ya tambayar shekarar gini. Kai ka tsaya a ƙasa, ka ce gwiwa.

2. Kada ka taɓa akwatin fitila
Zane mai daraja a duhu yake, sai an jefa kwandala fitila ta kama minti biyu. Raɓe a gefe kamar mai addu'a har Jamusawa 'yan yawon buɗe ido su zo su jefa tasu. Da haske ya zo, ka ce "Hmm," ka kaɗa kai a hankali. Kafin ya ce me ka gani, ta mutu.

3. Riƙe shi a kan abinci
Sha biyu da rabi ake rufe coci, sai uku. Miyar wake, taliya, a ƙaro masa. Baki cike ba ya jarrabawa.

4. Kada ka faɗi suna
Zai ce, "Sinyor Attilio, hannun wane mai zane ka gani a nan?" Ka ce, "Haba Farfesa, faɗi naka in ji tukuna." Duk wanda ya ambata, ka yi ɗan murmushi: "I, haka littattafai suke cewa."

5. Bar naka sai ƙarshe
A nan na kusa halaka. Da la'asar muka shiga cocinmu, Nives biye da mu don ta ga faɗuwata. Babu Jamusawa. Farfesa ya jefa kwandalarsa, ya riƙe wasu uku a hannu.

"To, suruki, nan gidanka ne. Ina gwanintar mai zanen ta fi fitowa?"

Na nuna wuri ɗaya tak da na sani. "Babban ɗan yatsan ƙafar hagu."

Ya matsa, ya cire gilashi, ya juyo idonsa da ƙwalla. "Shafi goma sha ɗaya na rubuta a kan yatsan nan! Dubi yadda farcen ya karkace. Mai zanen ya san wahalar talaka. Na zaci ni kaɗai na lura!" Ya rungume ni.

Nives ta toshe baki da gyale ta yi waje. Ita ta san labarin. Ranar da na gano zanen, ƙarfena ya zame ya ɗebe yatsan ɗungurum. Kafin fada ya dawo daga cin abinci na cire takalmi, na kalli nawa yatsan, na zana wa makiyayin irinsa da ragowar fentin taga.

Yanzu ni ke yanka nama a teburin Kirsimeti, Farfesa yana cewa a yi shiru Attilio zai yi magana.

In ka bi wannan aka kama ka, babu ruwana. Ban san ka ba, ban ma iya rubutu ba, Nives ce ke rubutawa tana dariya. Mai musu kuwa ya zo Lucca da kwandalarsa. Shi ya kunna fitila, ni in cire takalmin hagu. Amma kada ya kuskura ya zo da Farfesa.