Ranar da Na Ɗora Kowace Saniya a Kan Kowace Tirela

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ranar kasuwar shanu. Lokacin ina aiki a wani kamfanin dakon shanu a nan Potiskum, ni ke kula da rumbun bayanansu na kwamfuta. Injiniya ake kirana (ban taɓa hana kowa ba, ban kuma taɓa nuna wa kowa takardar shaidar karatun ba).

Aikin ba wuya. Akwai teburin shanu, wato jerin bayanansu, akwai na motoci, akwai na direbobi, duk a ɗaure da juna. Tirela ba ta tashi sai Madam Rifkatu, sakatariyarmu, ta buga mata takardar lodi daga ciki. Sannan rumbun yana da wani fili na wucin gadi, inda yake baza bayanai in zai jera su ko ya haɗa tebur da tebur, kamar tabarmar shanya hatsi. In ya gama ya tattare, wani aikin ya samu wuri.

To, ran nan tabarma ta cika taf. Wajen sha ɗaya na safe takarda ta ƙi fita. Ga tireloli an loda, shanu na ta kuka a rana, direbobi sun cika taga suna zage-zage. Sai ga mai kamfanin, Alhaji Maina, ya shigo yana huci.

"Injiniya, me ke faruwa?"

Da ina da hankali, da na ce bari in duba. Ina! Sai na gyara wuyan riga na ce, "Ranka ya daɗe, wani ne ya saki aikin da ya fi ƙarfinsa, ya cinye filin wucin gadi. Kuma mu biyu ne kawai ke taɓa na'urar nan." Na ɗan kalli Madam ta gefen ido.

"Ni takardu kawai nake bugawa, Injiniya," in ji ta.

Alhaji bai saurare ta ba. "Madam, in ke ce, yau za ki tattara jakarki. Shanun mutane ne a rana!"

Matar nan ta fi shekara goma a wurin, ita ce ma ta nuna mini kujerata ranar da na fara aiki. Na ga idonta ya kawo ruwa, amma bakina ya riga ya ɓalle. Na ce, "Kwamfuta ba ta ƙarya, ranka ya daɗe." Na kira jerin masu cin filin, mafi ci a sama, na juya musu allon ban ko duba ba (don Allah ku dubi ƙarfin hali). Alhaji ya bar tabarau a mota, sai ya ce, "Madam, karanta mana da bakinki."

Ta sunkuya, ta karanta. Sunana ne. Har da na mahaifina.

Wallahi sai da gumi ya keto mini har cikin takalmi. Nan take na tuna: ran Litinin na so in burge Alhaji da rahoton wace mota ta ɗauki waɗanne shanu tun kafuwar kamfani. Na haɗa teburin shanu da na motoci, na manta layi ɗaya tak, wanda ke ɗaure kowace saniya da motarta. Na sake shi, na tafi cin tuwo, na manta da shi. Kwana biyu na'ura tana ta lodi ita kaɗai.

Na so in ce wani ne ya shiga da sunana. Na ɗago, muka haɗa ido da Madam, sai ƙaryar ta maƙale. Na faɗi gaskiya, muryata kamar ta ɗan akuya.

"Tsaya," in ji Alhaji. "Saniya ɗaya, a mota nawa ka ɗora ta?"

"Duka, ranka ya daɗe."

Wani direba ya leƙo ta taga. "Har da tawa da ke gareji tun azumi?"

"Har da ita."

Dariyar da aka yi, na tabbata an ji ta har garin Gadaka.

Nan da nan na kashe aikin. Filin ya saki kayan, amma ya ci gaba da zama a kumbure, sai da na tsuke shi ya koma girmansa, na kuma sa masa iyaka. Takardu suka soma fita, motoci suka tashi. Alhaji ya sa na ba Madam haƙuri a gaban direbobin nan, sau biyu, don wai na farkon bai ji ba.

Ta goge ido ta ce, "Ba komai, Injiniya. Allah ya kiyaye gaba."

Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi. Hukuncin Alhaji kuwa: daga ranar ba na sakin wani aiki sai Madam ta tsaya a kaina. Har na bar kamfanin, sai ta duba ta ce, "To, saki," sannan in latsa.

Abin da na koya bai da yawa. In fili ya cika, ni kaɗai nake fara duba jerin masu laifi, ƙofa a rufe, allon yana kallon bango.