Man Giya da Idon Kaka

"Lafiya lau na kwana, amarya, amma ba zan shiga wannan akwalar ba."

Haka tsohon ya amsa gaisuwar jikarsa, yana dogare da sanda a ƙofar gida. Ita malamar makaranta ce, ta ɗauki hutun yini don ta kai shi asibiti a cire masa yanar ido. Shi kuwa tsohon direban babbar mota ne, bai taɓa yarda da motar da ba ta da kuloci irin tata ba. Ya ce tun daga kwanar layi ya ji tana fizga, man giya ya ƙare, sai an duba.

Ta buɗe bonet tana huci. Kafin ta juya ya laluba ya zaro ƙarfen awon man giya, ya kama gefen farin mayafinta ya goge.

"Kaka! Sabon mayafina?"

"Miji da kayan matarsa. Kuma dubi, man ya yi baƙi kamar zuciyarki."

"Ja ne jawur. Kuma mota a kashe ka auna. Ina aka taɓa haka?"

Ya ce shi da ya tuƙa tirela tun uwarta na rarrafe ba za a koya masa awon mai ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

"Babba mai yana a ido? Jiya fa tulun ruwa ka yi wa sallama."

Ta karɓi ƙarfen ta mayar, ta gyara tsayuwar motar inda ƙasa ta daidaita, ta tayar da inji ta bar shi ya yi zafi. Ta taka birki, ta bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya, ta mayar fakin. Sannan ta zare ƙarfen, ta goge da tsumma, ta mayar, ta sake zarowa. Man ya tsaya daidai tsakanin alamomi biyu da ke jikin ƙarfen. Ta kai masa hanci, ta ce tunda ido ya yi ritaya, ya shinshina ko akwai ƙauri.

Ya shinshina, ya ce ƙauri dai babu, amma tayoyin fa? Da ruwan lagireto? Ai rigakafi ya fi magani.

Nan ta tsaya ta dube shi. Sai yanzu ta gane ba giyar mota ke fizga ba.

"Au, tsoron likita kake ji? Kai da kake cika mana baki ka taɓa korar 'yan fashi da sifana?"

"Ɗan fashi ai ba ya cewa ka kwanta ka buɗe ido."

Ta rufe bonet, ta sassauta murya. Ta ce tana nan a bakin ƙofar ɗakin har a fito da shi, kuma in ya ƙi zuwa yau, duk jikokinsa sai sun ji labari kafin azahar.

Tsohon ya yi dariya har da tari, ya laluba ƙofar gaba ya zauna.

"Mu je. Amma ki sani, in idon nan ya buɗe na ga fuskarki da kyau, a bakin aurenki."