Yadda Na Zaunar Da Kawun Falmata

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin da kare ya kusa raba ni da aure ba. Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Potiskum, zamanin da ake wuni a layin mai, ina haya a unguwar Bolewa. Ɓarayin awaki suka dame mu, sai na roƙi wani Bafulatani a kasuwar shanu ya samo mini ɗan kwikwiyo. Ya kawo shi a buhu, ya ƙi karɓar ko sisi (da ina da wayo, da tun nan na gane).

Na sa masa suna Janar. To, Janar dai tsoron kaza yake yi. Babur ya wuce, sai ya shige ƙarƙashin gado. In na fita aiki kuwa, kuka zai yi ta yi har maƙwabta su gaji, na dawo na tarar ya cinye mini takalmi. Na ce ni da nake ladabtar da 'yan aji uku, kare ne zai gagare ni? Na cika aljihu da ƙuli-ƙuli na fara koya masa zama. In na ce "Zauna," sai ya kama rawar jiki. Haushi ya kama ni na daka masa tsawa, "Zauna, matsoracin banza!" Sai ya zauna. Haka muka yi wata biyu, har ya ɗauka duk jimlar ce umarnin. In ban haɗa da zagin ba, ko gezau.

A lokacin ina neman Falmata, 'yar wani ɗan kasuwa da asalinsu Borno ne. Magana ta yi nisa, saura kawunta, Alhaji Modu, yayan mahaifinta, wanda shi ne waliyyi, ya zo daga Maiduguri ya gan ni. An gargaɗe ni cewa mutum ne mai tsanani, ya taɓa korar wani manemi don kawai ya gaishe shi a tsaye. Na ɗaure Janar a gindin darbejiya, na saka farar shadda ɗaya tilo da na mallaka, na tafi.

A zaure na durƙusa na kwashi gaisuwa. Mahaifin Falmata na gefe da dattawa biyu. Alhaji Modu ya yi ta jero mini tambayoyi da Hausarsa mai gardin Barbarci, ina amsawa kaina a ƙasa. Can ya ce, "To madalla. An ce kai yaro ne mai ladabi." Ya miƙe zai ɗauko goro a kan taga.

Ina ɗaga ido sai na hango Janar a bakin ƙofa, daidai bayansa, da guntuwar igiya a wuya. Ya biyo sawuna! Ga shi ya miƙo hanci zai lashi gefen babbar rigar mutumin da ke da alwala. Ban san lokacin da na nuna yatsa na kwatsa ba:

"Zauna, matsoracin banza!"

Wallahi Alhaji Modu ya zauna. Daɓas, kan tabarma. Janar ma ya zauna a bayansa, yana kaɗa jela yana jiran ƙuli-ƙuli. Mahaifin Falmata ya ce, "Innalillahi! Malam, yayana kake gaya wa haka?"

Yatsana kuwa yana nan a miƙe. Alhaji Modu ya bi yatsan da kallo, ya waiwaya, suka yi ido huɗu da Janar. Kare ya yi wata ƙara, ya tsallake farantin dabino, ya faɗo kan cinyata yana karkarwa. Sai na ji ɗumi yana ratsa shadda (ba sai na fassara muku ba).

Tsohon ya ƙare mana kallo, ni da kare. Sannan ya ce, "Rabon da wani ya zaunar da ni haka tun ina makarantar allo." Dariya ta ƙwace masa har hularsa ta faɗi. Da ya nutsu ya ce, "Tashi ka je ka wanke jikinka, ɗana. Amma wannan muryar, ka bar ta a waje. Ba a shiga da ita ɗakin 'yata."

An ba ni Falmata. Ita ce ma ta gyara Janar, ba tsawa ba zagi, sai ƙanzo da lallashi, har ya kai ga korar akuya da kansa. Ni kuwa har yau in na shiga taron danginta, matasa sai su zube ƙasa gaba ɗaya suna ƙunshe dariya.

Abin da na koya shi ne, maganar da ka saba yi a tsakar gidanka, ita za ta fito maka a zauren surukai. In kuma za ka ɗaure kare, ka nemi sarƙa.